Yadda ake loda motocin shiga daji cikin kwantena a Kano ba tare da an tafka asara ba

Duk wanda ya saba bin titin Zariya daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Unguwa Uku, ko yake ratsa Babban Giji ya ɓulla Tarauni, ba zai rasa taɓa cin karo da irin wannan taron ba: babbar mota ta juya baya ta tokari wani tudu, ƙofofinta na baya a wangale, ga wata Hilux ko Land Cruiser ta tura hanci ciki tana tafiyar hawainiya.

Direba ya leƙo da kai ta taga. Yaron mota ya ɗare saman bodi, ya kifa ciki yana duba ratar da ta rage tsakanin rufin motar da ƙarfen saman ƙofa. Mai mota kuwa yana gefe, zama ya gagare shi. Abin da ake ji kawai shi ne, "Taho, Oga, taho... tsaya! Tsaya!"

A irin wannan lokaci, abin da ya raba mai mota da asarar maƙudan kuɗi bai wuce faɗin yatsu uku ba. Rufin yana gogar ƙarfe, sai fanal bita da mai fenti, kuma motar da aka saya da tsada don ba ta taɓa ganin fenti ba, nan take darajarta ta faɗi. Idan abin ya zo da tsautsayi, ba a mota yake tsayawa ba, har jikin mutum yakan taɓa.

Me ya sa ake ɗaukar mota a cikin mota?

Dalilan suna da yawa. Wani sabuwa ya saya daga dillalan motoci na titin Zariya ko titin Maiduguri, ba ya so ta isa gida da ɗaruruwan kilomita a kanta. Daga Kano zuwa Maiduguri kusan kilomita 600 ne, zuwa Legas kuwa kusan 1,000. Wani injin ne ya buga ko giya ta lalace, dole a kai ta inda gwaninta yake. Wani kuma bai yi mata lamba ba tukuna.

Akwai kuma batun tsaro. Tsaleliyar jif a doguwar hanya tana jan ido, don haka wasu suka fi so a rufe ta ruf, kada kowa ya san abin da aka ɗauko.

Akwai tireloli masu hawa biyu da aka ƙera musamman don dakon motoci, sai dai mai mota ɗaya ba kullum yake da haƙurin jiran su cika ba. Ga shi kuma Kano gari ne da kaya ke shigowa cikinsa dare da rana. Kwantena ta sauke kaya a Kantin Kwari ko kasuwar Singa, za ta koma kudu ba komai a ciki. Direba na neman na mai, mai mota na neman sauƙi, sai ciniki ya faɗa. Daga nan ne matsalar ke farawa, domin an ƙera akwatin ne don katan-katan da diloli, ba don doguwar jif ba.

Ba Kano kaɗai ba ce

A Amurka akwai wata irin tirela da ake jonawa a bayan akori-kura don tafiya hutu a daji. Gabanta ɗaki ne da gado da kicin da banɗaki, bayanta kuma ɗan gareji ne da ake saka ƙananan motocin wasa a rairayi da duwatsu, irin su Polaris RZR da Can-Am Maverick. Ƙofar baya ita ce ke saukowa ƙasa ta zama abin hawa. Masu waɗannan motoci kan saka musu manyan tayoyi, su ɗaga su sama, ranar tafiya kuma su tarar ƙarfen rufin ya ƙi wuce ƙofa.

Haka ma masu yawon duniya a mota. Tsakanin Panama da Kolombiya akwai dajin Darien, inda babbar hanyar da ta ratsa nahiyoyin Amurka ta yanke. Duk mai son wucewa da motarsa sai ya ɗora ta a jirgin ruwa, galibi a cikin kwantena daga Kolon zuwa Kartahena. Dabarun da suke yi kafin motar ta shiga su ne dai waɗanda ake yi a garejojin Tarauni: a kwance, a sace iska, a matse, a lallaɓa.

Lissafin da ba ya ƙarya

Kwantena tana da wata fa'ida guda: awonta ɗaya ne a ko'ina. Tun da wani Ba'amurke mai harkar manyan motoci, Malcom McLean, ya ɗora akwatuna 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston a 1956, aka yi ta ƙoƙarin daidaita girmansu, har hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta fitar da ƙa'ida a 1968. Saboda haka kwantenar da ke Apapa, da ta Kwatano, da wadda ke tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, wadda aka ƙaddamar a watan Janairun 2023, duk kusan awo ɗaya suke.

Ƙofar kwantena ta yau da kullum tana da faɗin kusan santimita 234, tsayinta daga ƙasa zuwa sama kuma kusan 228. Cikinta ya ɗan fi ƙofar tsayi, yana kai 239. Akwai wadda ta fi tsayi, mai ƙofar kusan santimita 258. Tsawon cikin mai ƙafa 20 kusan mita 5.9 ne, na mai ƙafa 40 kuma ya ɗan haura mita 12.

A ɓangaren motoci, Hilux mai ƙofa huɗu ƙirar 2015 zuwa sama tana da tsawon kusan mita 5.3 da tsayin kusan santimita 182. Land Cruiser 200 tana da faɗin kusan santimita 198 da tsayin kusan 190. A takarda, kowacce za ta shiga cikin sauƙi, har ma Hilux biyu za su jeru a mai ƙafa 40.

Sai dai motar da ke aikin daji ba ta zama yadda ta fito daga kamfani. A ɗauki misalin Land Cruiser mai santimita 190. An kafa mata kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na sama, ya ƙara 18. An kwantar da safaya taya a kai, ta ƙara 27. An ɗaga sifirin da 5, manyan tayoyi sun ƙara 4. Jimla 244 ke nan. Motar da ya kamata ta wuce da rarar santimita 38 ta koma ta fi ƙofar da 16.

Bodin masu walda

Idan kwantena tana da ƙa'ida, bodin Kanta da na roka ba su da ita. Masu walda ne ke ƙera da yawansu, kowa da yadda mai mota ya ce a yi masa. Wani bodin an taɓa yanke shi an ƙara, wani ya taɓa faɗuwa an miƙar da shi, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsayi. Wani kuma akwai ƙarafan da aka gitta a sama don shimfiɗa tamfol, kuma ba lallai su zama daidai da juna ba.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan aikin ƙimar ido ba ta isa, sai an ɗauko tef. Ana auna ƙofa a wuri uku: dama, hagu da tsakiya, a riƙe mafi ƙanƙanta. Ana kuma duba duk abin da ya leƙo ƙasa daga rufin, kamar sakata, kan ƙusa ko fitila.

Ita kuma motar, a shimfiɗaɗɗen wuri ake auna ta, ba kowa a ciki. A ɗora miƙaƙƙen katako a kan wurin da ya fi ko'ina tsayi, a auna daga katakon zuwa ƙasa ta ɓangarorin biyu. Awon da ke cikin littafin mota ko a intanet na sabuwar mota ne, bai san abin da aka ƙara mata a Ƙofar Ruwa ba.

Tarkon da ke bakin ƙofa

Ko da awo ya nuna akwai rara, yawancin ɓarnar a bakin ƙofa take faruwa, kuma dalilinta ɗaya ne: mota ba ta shiga a miƙe.

Inda babu injin ɗaga kaya da zai sauke kwantena ƙasa, tudu ake nema, babbar motar ta juya baya ta tokare shi. Idan tudun ya fi daɓen babbar motar tsayi, ƙaramar za ta shiga ne tana gangarawa. Ƙafafun gaba sun sauka ciki, na baya suna kan tudu, sai tsakiyar motar ya zama a ɗage daidai lokacin da rufinta ke wucewa ta ƙarƙashin ƙarfen ƙofa. Ratar da aka auna ta tafi.

Akwai kuma wanda ya fi wannan yaudara. Tudu da daɓe sun yi daidai, kowa ya gamsu. Amma da zarar ƙafafun gaba sun taka, nauyin sama da tan ɗaya ya sauka a can ƙarshen bodi, bayan tayoyin babbar motar. Sifirin ɗinta ya lotsa, bayanta ya yi ƙasa, ƙarfen saman ƙofa ya bi shi. Ƙafafun baya na jif kuwa suna nan kan tudu ba su sauka ba. A Kanta wannan lotsawar ta isa ta cinye ratar yatsu uku. Maganinsa shi ne a tokare bayan babbar motar da jak ko manyan katakai kafin a fara, a ja birkin hannu, a yi wa tayoyinta waigi gaba da baya don kada ta motsa ta bar rami tsakaninta da tudun.

Idan kuma da katakai ko ƙarafan hawa za a yi, matsalar ta koma ƙasa. Motar na hawa, dokin ƙofa na neman cikinta: salansa, tanki ko akwatin giya. Gajeren katako shi ke kawo wannan. Daɓen da ke da tsayin mita ɗaya, in aka jingina masa katakon mita 3, hawan ya yi tsaye da yawa. Da na mita 6, tsananin hawan ya ragu da rabi.

Abin lura a nan shi ne, duk dabarar da ta sauko da rufin mota ta sauko da cikinta ma. Santimitar da aka samu a sama, an rasa ta a ƙasa. Shi ya sa ake buƙatar masu duba biyu, ɗaya a sama ɗaya a tsugune, amma mutum ɗaya tak ne zai riƙa yi wa direba magana. Baki biyar na ihu lokaci guda shi ke sa a taka totur a maimakon birki.

Dabarun rage tsayi

Masu aikin suna farawa ne daga abin da ba ya cutar da mota, sai ya gaza sannan su matsa gaba.

Na farko, a kwance duk abin da ke kwantuwa: kariya, safaya taya, fitilun sama, doguwar eriya irin ta motocin ƙungiyoyin agaji, da ƙarafan bayan Hilux. A misalin da ya gabata, sauke kariya da taya kaɗai ya mayar da motar santimita 199, ta wuce da rarar 29. Notina a zuba su a leda a ajiye cikin motar. A naɗe madubin gefe.

Na biyu, a ƙara mata nauyi. Buhunan yashi ko na siminti a baya suna sa sifirin ya kwanta. Wasu mutane suke cewa su shiga, amma hakan na da illa: suna fitowa motar za ta miƙe. A kwantena akwai rarar kusan santimita 11 a ciki fiye da ƙofa, don haka ba damuwa. A bodin da ƙofarsa da rufinsa suke daidai kuwa, motar na iya tashi ta manne da rufi, ba gaba ba baya.

Na uku, a sace iskar taya. Tayar da aka rubuta wa 265/65 R17 tana da gefe mai tsayin kusan santimita 17. Idan aka sauke geji daga 33 zuwa wajen 15, akan samu santimita biyu zuwa uku. Sace ta gaba ɗaya ganganci ne: bakin tayar na iya fita daga rim, zaren cikinta kuma ya karye ba a gani ba, sai wata rana ana gudu ta fashe. Idan akwai sarari a ciki, a mayar da iskar bayan an shiga, domin taya mai laushi tana sa ɗauri ya saki a hanya.

Na huɗu, a sauya tayoyin da ƙanana na ɗan lokaci. A nan mutane kan yi kuskuren lissafi. Taya 285/75 R16 tana da tsayin kusan santimita 83, ita kuma 245/70 R16 kusan 75. Bambancin 8 ne, amma motar da 4 kawai za ta sauka, domin rabin tayar ne ke ƙarƙashin aksil. A ƙasashen waje har faifan ƙarfe marasa roba ake ƙerawa don wannan aikin kaɗai.

Na biyar, a matse sifirin da bel mai ƙugiya, a ɗaure casis da aksil a ja har motar ta durƙusa. Yana aiki, amma shi ya fi haɗari. Sifirin da aka matse ƙarfi ne a ɗaure, bel na tsinkewa zai yi tsalle, kuma duk hannun da ke wurin ya shiga uku. Tsohon bel da rana ta cinye ba ya wannan aikin, kuma a kula kada ya danne bututun man birki.

Wasu manyan motoci, irin su Range Rover da Lexus LX 570, suna da maɓallin da ke sauke su ƙasa. Sai dai kwamfutarsu na iya sake ɗaga su da kanta, don haka da an shiga an kashe, a cire kan batir.

Idan duk an yi wannan ratar ba ta samu ba, a nemi kwantena mai tsayi, ko buɗaɗɗiyar tirela, ko janwe. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Dukan ƙarfen ƙofa da guduma ko yanke shi sabuwar rigima ce da mai kwantena.

Shiga ba ita ce ƙarshen aiki ba

Mota ta shiga, an tafa, an rufe ƙofa. Wani sai a Damaturu ko Lokoja zai buɗe ya tarar rufin ya lotsa, alhali da idonsa ya ga ta wuce lafiya.

Abin da ya faru shi ne, mota a kan sifirin take zaune. Duk ramin da babbar motar ta faɗa, duk tudun rage gudu da ta haura, ta cikin tana tsalle. Idan tayoyi kaɗai aka ɗaure, gangar jikin na nan tana lilo, kuma ratar yatsu biyu ba za ta hana ta dukan rufi ba. Inda ratar ba ta kai faɗin tafin hannu ba, sai an haɗa da casis an ja shi ƙasa.

Sai batun birki. Ƙa'idar ɗaure kaya ta Turai ta tanadi cewa ɗauri ya iya riƙe kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya ta gaba, da kashi 50 ta gefe da baya. Land Cruiser 200 ta haura tan biyu da rabi. Ke nan in direba ya taka birki da ƙarfi don kauce wa shanu ko ɗan adaidaita sahu, ƙarfin da ya kai tan biyu ne zai tura ta gaba. Birkin hannu da giya ba za su riƙe wannan ba, balle igiyar da ake ɗaure buhunan albasa.

Abin da ake yi shi ne bel huɗu aƙalla, ɗaya a kowace kusurwa, na gaba suna ja gaba na baya suna ja baya, a maƙala su a zobban ƙarfe da ke gefen daɓe. Daɓen kwantena katako ne, don haka ana iya kafa waigi da ƙusa a gaba da bayan kowace taya. Bel yakan saki a farkon tafiya, shi ya sa direban da ya san aikinsa yake tsayawa a Wudil in gabas ya nufa, ko a Kura in kudu ya yi, ya buɗe ya ƙara ja.

Inda rai ke shiga haɗari

Land Cruiser mai faɗin santimita 198 a cikin kwantena mai 235 ta bar kusan 18 a kowane gefe. Ƙofar direba ba za ta buɗu ba. Dole wanda ya shigar da ita ya fito ta taga ko ta ƙofar but, shi ya sa akan nemi siririn mutum. Amma siranta ba ta isa ba, sai wanda ya iya sarrafa kuloci da giyar ƙarfi. Ba aikin ɗan koyo ba ne.

Kada kowa ya tsaya a cikin akwatin a gaban motar yana yi mata jagora. Ƙafar direba na zamewa, babu inda zai gudu, bango ne a bayansa. Haka kuma ba a tsayawa a bayanta lokacin da take kan katako. Idan akwai injin ja da igiyar ƙarfe, ya fi a ja ta a kashe.

Hayaƙin salansa a rufaffen wuri yana ɗauke da iskar guba marar wari da ke sumar da mutum cikin ɗan lokaci, irin wadda ke kashe iyalai masu kwana da janareta a ɗaki. Da an shiga a kashe injin.

A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, cikin akwatin ƙarfe kuma ya fi haka nesa. Cikakken tanki a irin wannan zafin tururin fetur yake fitarwa. Kamfanonin jiragen ruwa kan buƙaci man kada ya wuce kwatan tanki, kuma wannan ƙa'ida ce mai kyau ko a tudu. Uwa uba, ba a rufe mutum a ciki da sunan gadin mota.

Gadoji da wayoyin wuta

Bayan ratar ciki akwai ta waje. Kwantena mai tsayi tana kai mita 2.9 daga waje. A ɗora ta kan tirela mai daɓen mita 1.3 zuwa 1.5, jimla ta haura mita 4.

Kano ta yau ba ta shekarun baya ba ce. Akwai hanyoyin ƙarƙashin ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya, ga gadar Dangi mai hawa uku da aka buɗe a watan Yulin 2021 a bakin Gyaɗi-Gyaɗi, ga ta Hotoro da aka buɗe a watan Janairun 2023, ban da gadojin masu tafiya a ƙasa. Lissafin bakin ƙofa yana aiki a nan ma: doguwar tirela in ta zo ƙasan kwari, kanta ya fara hawa bayanta bai gama sauka ba, tsakiyarta a ɗage yake fiye da yadda aka auna a fili.

A cikin unguwa kuwa, wayoyin wuta da suka yi lanƙwasa su ne abin tsoro. Ɗora yaro a sama da sanda yana ɗaga waya wasa ne da rai. Gara a fito da ƙaramar motar bakin babban titi a yi lodin a can. Jami'an KAROTA da na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ma suna tare motar da lodinta ya wuce ƙima, kuma ɓata lokacin a kan mai kaya yake ƙarewa.

Adaidaita sahu da babura

Ba masu jif kaɗai wannan lissafi ya shafa ba. Tun da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, adaidaita sahu ta mamaye gari, ana kuma safarar tsofaffinta zuwa wasu jihohi. Tsayinta kusan santimita 170 ne, faɗinta kusan 130. Biyu ba za su jeru kafaɗa da kafaɗa a kwantena ba, domin 260 ya fi 235. Shi ya sa ake kwance rumfar, a saɓa gaban wata a bayan wata, ko a koma buɗaɗɗiyar tirela.

Babura ma haka ake jera su zuwa kudu, sau da yawa masu su na zaune a kai. A watan Agustan 2019 jami'an Jihar Legas sun tare wata babbar mota da ta taso daga Jigawa ɗauke da mutum 123 da babura 48, daga bisani aka sake su. Ban da batun kamu, haɗa mutane da ƙarafa masu fetur a bodi ɗaya na nufin birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya jawo jana'iza.

In ta lalace, wa zai biya?

Nan ne zumunci ke ɓaci. Mai mota ya ce lafiya ya ba da ita, direba ya ce haka ya gan ta, dillalin da ya haɗa su ya karɓi la'adarsa ya kashe waya.

A fiƙihun Malikiyya, wanda aka ɗauka dako amintacce ne a kan kayan da ba na abinci ba, ba ya biyan abin da ya lalace sai an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Tabbatar da sakacin kuwa sai da hujja. Wayar da ke hannun kowa ta sauƙaƙa wannan: a ɗauki bidiyon motar ta kowane ɓangare har da rufinta kafin lodi, a sake ɗauka bayan an ɗaure, a tura wa juna ta WhatsApp. A yi magana a gaban shaidu ko shugabannin tasha kan wanda zai tuƙa ta ciki da wanda zai ɗauki nauyi in an samu matsala. Inshorar da yawancin masu mota ke yanka don a wuce shingen jami'ai ba ta biyan ɓarnar da ta samu motar kanta. Mai mota mai tsada ya nemi inshorar kayan da ke kan hanya.

Takardu kuma kada a kulle su a cikin motar da ba a iya buɗe ƙofarta. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, mota a ɓoye cikin mota abin zargi ce a idon jami'an kwastam. Takardar biyan kuɗin fito da shaidar mallaka su kasance a hannun direba, kwafinsu kuma a wayar mai mota.

Ranar saukewa

Kafin babbar mota ta bar Tarauni, akwai tambayar da ake yawan mantawa: a can inda za a je, akwai tudu? Akwai katakai? Akwai mai faci kusa?

Motar da ta shiga da dabara, da dabarar za ta fito. Idan an mayar da iska sai an sake sacewa. Idan da buhunan yashi ta wuce ƙofa, kada wani ya sauke su a hanya. Wanda zai karɓe ta a Maiduguri ko Maraɗi bai ga yadda aka yi a Babban Giji ba, don haka a gaya masa dalla-dalla, in da hali a tura masa bidiyon. Sau da yawa rufin da ya tsira a wajen shiga, a wajen fita yake gamuwa da ƙarfe, lokacin da kowa ya gaji ana sauri a sallami direba.

Tef ɗin awo na mita biyar ana samun sa a kowane shagon kayan gini da ke titin Kotu ko kasuwar Tarauni, kuma kuɗinsa bai kai na gwangwanin fenti ɗaya ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.